Sabuwar fuskar manhajar gwanjon motoci: abin da na gani cikin sati uku

Tun 2016 nake sayen motoci a gwanjon Amurka ina zaune a shagona a Kano. Yawanci motocin da suka yi haɗari ne, kamfanin inshora ya biya masu su, ya kai su fili a yi musu gwanjo. Ni ta hannun wani dillali mai lasisi a can nake shiga, kuma manhajarsa ce aka yi wa sabon zubi kwanan nan. Wata safiya na buɗe waya na tarar komai ya sauya wuri, kamar ka dawo daga tafiya ka iske uwargida ta juya ɗaki.

Abin da ya fara yi mini daɗi shi ne agogo. A da da lokacin can ake rubuta sa'ar gwanjo, kai za ka zauna ka yi lissafi. Tsakaninmu da jihar Texas awa 7 ne lokacin sanyi, amma daga Maris zuwa farkon Nuwamba sukan tura agogonsu gaba, tazarar ta koma awa 6. Sau biyu wannan lissafin ya ci ni, na shiga na tarar an riga an sallamar da motar da na yi kwana huɗu ina bibiya. Yanzu da agogonmu take nunawa, har ta gaya maka mota nawa suka rage kafin a zo kan taka. Gwanjon da aka buɗe da ƙarfe 10 na safe a birnin Houston na Texas la'asar ce sakaliya a nan, kuma yakan ja har magariba. In na ga saura mota sittin a gabana, sai in tafi masallaci hankali kwance.

Sai lissafin kuɗi. Wanda bai taɓa harkar ba yana zaton kuɗin da aka sallama a kai shi ne kuɗin mota. Ina! Akwai la'adar masu gwanjo, kuɗin ƙofa, la'adar dillali, kuɗin jan mota zuwa tashar jiragen ruwa, sannan kuɗin jirgi zuwa Tin Can a Legas. A tsohon tsari sai ka buɗe shafi uku kafin ka haɗa su, ni kuwa a bayan kwalin sabulu nake yi da biro. Sabon yana ajiye jimillar a ƙarƙashin tayi, ana ƙarawa tana motsawa. Ba ya sa kuɗin kwastam, ba ya kuma juya maka zuwa naira, kuma hakan ya fi mini. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, farashin dalar da ka gani ranar taya ba shi za ka gani ranar biya ba, gara kada waya ta yi mini alƙawarin da ba za ta cika ba.

Hotuna sun yi kyau, ana iya jawo su har ka ga ko eyabag ya fashe. Lambar VIN, wato lambar shaidar mota mai haruffa da alƙaluma 17, da dannawa ɗaya ake kwafe ta. Motar da ruwa ya ci kuma an sa mata jan tambari babba. Duk wanda ya ga motocin da suka cika gwanjo bayan ambaliyar da guguwar Harvey ta jawo a Texas a 2017 ya san amfanin wannan: jiki fes, wayoyin lantarki sun ruɓe, ka yi ta jigila kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa har ka gaji. Tafiyar da mota ta yi dai har yanzu da mil ake rubutawa, sai ka ninka da 1.6 da kanka.

To, mu zo zauren gwanjon kansa, inda ake yin ta ko a bar ta. Mota ɗaya ba ta cika wuce minti guda ba. Duk wanda ya taya, daƙiƙun da ake ƙirgawa su koma farko. Cikin wannan ɗan lokacin abu biyu mai taya yake son sani: tayin wa ke sama, kuma nawa yatsansa zai ɗora masa in ya danna. Na farkon sun gyara shi sosai. In kai ne a sama fuskar wayar gaba ɗaya ta koma kore, in an taka ka ta koma ja, wayar ta girgiza. Sun kuma sa ɗan ɗigo da ke nuna ko sabis ya yanke. A da hoto kan daskare kana murna kai ne a sama, ashe tuni wani ya ɗauke.

Na biyun ne suka ɓata. Madannin taya ya koma ƙasa, ƙato, daidai inda babban yatsa yake hutawa, kuma sun cire tambayar nan ta “ka tabbata?”. Adadin da ke rubuce a kansa yana sauyawa da kansa da zarar wani ya taya.

Ranar wata Talata ina bin wata Camry 2014 da aka buga ta ɓangaren fasinja. Na yanke wa kaina iyaka, dala 3,500, ko sisi ba zan ƙara ba. Madannin yana nuna 3,400, na kai yatsa. Kafin ya sauka mutum biyu sun taya a jere, abin da na danna ya zama 3,600. Fuskar waya ta yi kore shar, daƙiƙu suka ƙare, aka sallama mini. Yaron shagona da ke leƙe ta kafaɗata ya ce, “Maigida, ai ka wuce inda ka ce.” Na ce, “Ni ma yanzu nake gani.” A kasuwar shanu ta Wudil in ka taya sa, bakinka ne ya faɗi kuɗin, dillali ya ji, shaidu sun ji. A nan kuɗi ɗaya na gani, wani daban aka rubuta mini. Kuma ba a fasa ciniki sai da tara.

Dala 100 ba za ta karya ni ba, amma da Highlander ce, inda ƙarin kowane tayi ya fi haka, da labarin ya bambanta. Gyaran ba shi da wuya: in adadi ya sauya, madannin ya ƙi karɓar dannawa na rabin daƙiƙa, ko a bar mai taya da hannu ya rubuta iyakarsa tun farko, manhajar ta ƙi wuce ta. Na rubuta musu haka, sun amsa da godiya irin ta ofis.

Ga ɗan kasuwa mai raunin sabis irina, sabon tsarin ya fi tsohon, ba na jayayya. Amma na daina taya da hannu. Tun da rana nake rubuta ƙarshen abin da zan iya biya, na'urar ta riƙa taya mini kaɗan-kaɗan har iyakar, ni kuma in jingina wayar da kwalbar ruwa in yi kallo, hannuwana a aljihu. Camry ɗin tana cikin jirgi, na riga na sa a nemo mini ƙofar gaba da fenda.