Zamana a Mastodon: gidan haya ne, sai ka duba mai gidan

Tun da gwamnati ta dakatar da Twitter a Najeriya a watan Yunin 2021 nake cewa zan nemi wata mafaka, amma kasala ta hana. Sai ƙarshen 2022, da Elon Musk ya sayi kamfanin jama'a suka yi ta kwarara Mastodon, wani dandalin sada zumunta mai kama da Twitter, ni ma na bi ayari.

Tambayar farko ce ta ɗaure mini kai: wace sabar, wato kwamfutar da za ta riƙe asusunka, kake so? Ashe ba gida ɗaya ba ne. Manhaja ce da Eugen Rochko ya fitar daga Jamus a 2016, kuma duk mai hali yana iya ɗora ta a kwamfutarsa ya buɗe nasa zauren da nasa dokokin. Shi ya sa sunan mutum ke zuwa da wutsiya irin ta imel, naka a gaba, na sabar a baya. Na zaɓi wata 'yar ƙarama da wani bawan Allah ke riƙewa da kuɗin aljihunsa.

Abin da ya burge ni shi ne yadda zaurukan nan ke zumunci. Yarensu ɗaya, ActivityPub, wanda aka tabbatar a 2018. In na bi wani da ke wata sabar, kamar mastodon.social, sabarmu ce za ta kai wa tasu saƙo, daga nan duk abin da ya rubuta sai a turo mana kwafi. Ranar da na bi wata mai ɗaukar hoto a Pixelfed, manhajar da ba Mastodon ba ce ma, ina zaune ina shan shayi hotunanta suka fara faɗowa shafina. Na yi mata sharhi, ta amsa daga can. Ban buɗe asusu a wurinsu ba. Babu talla kuma, rubutu na zuwa bi da bi yadda aka yi shi.

To amma sabarka ba ta san abin da ba a kawo mata ba. Wani dare ana tafka muhawara, na ga amsoshi huɗu kacal, har na tsoma baki da gadara. Da na buɗe ainihin rubutun a sabar mai shi, na tarar sun haura talatin, kuma an riga an faɗi maganata an rushe ta. Kunya ta ishe ni.

Mai sabar kuwa mai unguwa ne. Yana iya yanke hulɗa da wata sabar ɗungurungum, kamar yadda da yawa suka yi wa Gab, wani dandali da ya yi ƙaurin suna da kalaman ƙiyayya, a 2019. Wannan yana kore 'yan zagi, gaskiya, sai dai in abokinka na can, ya tafi da su. Saƙon sirri ma ba a kulle yake ba, mai sabar na iya karantawa in ya ga dama. Kar ka zuba asirinka a ciki.

Namu mai gidan dai kuɗi suka gagare shi, ya ba mu wa'adi zai rufe. Ƙaura ba ta yi wuya ba: na buɗe sabon asusu a wata babbar sabar, na haɗa su, cikin kwana biyu mabiyana suka biyo ni ba tare da sun taɓa komai ba. Rubuce-rubucena ne ba sa ƙaura. Na sauke su a fayil, suna nan a wayata. A sabon gidan kuwa, kafin in shiga sai da na duba wa ke biyan kuɗin wuta, yanzu ni ma ina ɗan jefa nawa duk wata.