Farin tabo a cikin baki: wuƙa ko haske?

Kawuna a Tawa ya shekara talatin da garin taba da kanwa a kumatu. Nan farin tabo ya fito, ba ya kankaruwa, ba ciwo. Irinsa wani lokaci yakan rikiɗe ya koma ciwon daji, wato kansa.

Tiyata aikin rana guda ce: a kashe wurin da allura, a yanke, a ɗinke. Babbar ribarta, naman da aka cire ana kai shi ɗakin bincike a tantance shi. Sai dai in tabon ya yi faɗi, wurin kan ɗaure, cin tuwo ma ya zama aiki.

Maganin haske kuwa ba yanka. Ana shafa sinadarin 5-ALA, a jira 'yan awoyi. Gurɓatattun ƙwayoyin halittar wurin sun fi lafiyayyu tara shi, sai a haska jan haske, iskar oksijin ɗin wurin ta zama dafi gare su. Da zafi kamar barkono, kuma sai an maimaita zama. Hasken ba ya nitsewa sosai, saboda haka tabo mai kauri ya fi ƙarfinsa. Kowace hanya aka bi, tabon na iya dawowa.

Na kawu mai kauri ne, sai na ce: "Kawu, ku yarda a yanke."

Ya ce tsoronsa ba wuƙa ba, rabuwa da taba.