Wankin Ƙoda a Gida: Na Hannu ko Na Na'ura?

Masu wankin ƙoda ta ciki a gida, wato wanda ake zuba ruwa mai sukari a ciki ta bututu, tantanin ciki ya tace dattin jini zuwa cikin ruwan, sun sha tambayata: na hannu za su zaɓa ko na na'ura?

Na hannu ba ruwansa da lantarki. Ka zubar da tsohon ruwa ta bututu, ka rataye jaka mai kimanin lita 2, sabo ya gangara. Kusan sau 4 ke nan kullum, kowanne minti 30 zuwa 40. Na'ura kuwa cikin dare take aiki, awa 8 zuwa 10, sai dai in ka danne bututun cikin barci ta tashe ka da ƙara. Ta fi tsada kuma.

Ƙwayoyin cuta ba su ƙyale kowanne ba. In ruwa ya fito a gurɓace, ba garau ba, a nufi asibiti nan take.

Abin da aka fi mantawa, tantanin cikin kowa daban ne, gwaji ke nunawa. Wanda nasa ke saurin zuƙe sukarin ruwan, gajeren zaman ruwa a ciki, irin na na'ura, ya fi masa. Mai jinkiri sai ruwan ya daɗe, awa 4 zuwa 6.

Ɗalibi da ma'aikaci, na'ura ta fi dacewa da su. Mai ƙarancin barci, ko wanda lantarkinsa ba tabbas, na hannu.