Hattara da masu tallar irin kaladiyom shuɗi a Facebook da TikTok

Jama'a don Allah a yi hattara, musamman masu son ƙawata tsakar gida da baranda kafin biki ko Kirsimeti ko sallah. Akwai wasu shafuka da suke ta yawo da hoton kaladiyom, shukar nan mai faffaɗan ganye 'yar uwar gwaza, ganyen shuɗi kamar an tsoma shi a bula, wai ka tura kuɗi da na mota su aiko maka da iri a ƙullin leda, sati biyu ya cika maka gida. Wallahi ƙarya ne. Babu kaladiyom shuɗi, kalolinta ja ne da fari da kore da ruwan hoda, wani ganyen ya haɗa biyu ko uku. Hoton da kwamfuta aka haɗa shi, ku zuƙo shi ku duba, za ku ga jijiyar ganye ta ɓace a hanya ko ganye ya narke cikin tukunya.

Kuma masu sana'ar fulawa na gaskiya, ba da ƙwayar iri suke sayar da ita ba, curin saiwarta ake binnewa kamar yadda ake shuka gwaza. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, wajen Brazil, tana son inuwa da ɗumi da laima, in hunturu ya kama ganyen ya bushe ta kwanta sai damina ta sake tsirowa, to wanda ya ce zai ba ka iri a watan Nuwamba ka samu ganye kafin 25 ga Disamba ai ya gama raina maka hankali.

Wata maƙwabciyarmu ta tura musu, da alat ya shiga sai suka ce wai direba ya ƙara kuɗi, ta ƙara, abin da ya iso wasu baƙaƙen ƙwayoyi ne a leda ko suna babu, ta yi ta ban ruwa safe da yamma ciyawa ta fito, da ta yi magana suka yi bulokin ɗinta. Abin ya ba ni takaici ƙwarai don kuɗin adashenta ne.

Haka ma poinsetiya, shukar ado ta Kirsimeti mai jan ganye, 'yar Meziko, in kun ga shuɗiya ko mai ƙyalƙyali fenti aka fesa mata, sabon ganye da kalarsa ta asali zai fito.

Ku je wajen masu fulawa na bakin titi, ku ga shukar da idonku a ledarta, in saiwa ce ku matsa ku ji da tauri ba ruɓaɓɓiya ba. In dole sai ta waya to a yi bidiyo kol a nuna muku, kuma kar ku biya sai kaya sun iso. In kun samu kaladiyom ta gaskiyar ku ɗauke ta daga inda yara da awaki suke kai, ba a cin ta ko kaɗan, tana sa ƙaiƙayi da kumburin baki.