Wayland ko X11: wanne za ka riƙe a Ubuntu?

Da Canonical, mai fitar da Ubuntu, ta sanar cewa Ubuntu 25.10 zai daina kawo GNOME, wato fuskar da kake aiki a kai, a kan Xorg, manhajar da ke tafiyar da X11, sai a kan Wayland kaɗai, masu amfani sun rabu gida biyu, kuma kowane ɓangare yana da hujja.

X11 da Wayland tsare-tsare ne biyu na nuna tagogin manhajoji a allo. X11 ya fito tun 1987. Ƙarfinsa shi ne kusan komai yana aiki da shi, musamman xdotool mai danna maɓallai a madadinka da tsofaffin manhajojin sarrafa kwamfuta daga nesa. Amma ƙofar da ke ba su wannan dama a buɗe take ga kowa, domin duk manhajar da ke gudana tana iya karanta abin da kake bugawa a wata taga. Haɗa allo mai saurin sabunta hoto na 60Hz da mai 144Hz ma yakan jawo tsinkewar hoto.

Wayland ya killace kowace taga, kuma kowane allo yana tafiya da nasa saurin. Sai dai raba allo a taron bidiyo dole ya bi ta PipeWire da xdg-desktop-portal, manhajojin da ke miƙa hoton allonka bayan ka ba da izini. In manhajar ba ta san wannan hanya ba, baƙin allo kawai abokan taronka za su gani. Masu katin hoto na NVIDIA sun sha fama da ƙyaftawar hoto kafin direba (manhajar da ke sarrafa katin) mai lamba 555 ta fito a 2024, don haka a fara duba lambar direba.

Buga echo $XDG_SESSION_TYPE a Terminal, tagar rubuta umarni, ka ga wanda kake kai. Wanda aikinsa ya rataya a kan xdotool gara ya zauna a Ubuntu 24.04 LTS, mai tallafi har 2029, ya zaɓi Xorg a shafin shiga. Saura, a ganinmu, ba su da dalilin jira kafin su koma Wayland.