Gansakuka ce ko soso? Abin da ya tsiro a dutsen akwariyom ɗina

Wallahi ranar da na ga wani abu fari fari ya fito ƙarƙashin dutsen akwariyom ɗina, wato tankin gilashin da nake kiwon kifi a ciki, na ruwan gishiri nan Yamai, hankalina ya tashi, na ɗauko buroshi zan kankare, sai wani ɗan'uwa ya ce dakata malam, wannan soso ne ba gansakuka ba.

Gansakuka haske take so, shi ya sa za ka gan ta saman dutse da jikin gilashi inda fitila ke bugawa, koriya kamar gashi ko ruwan ƙasa kamar ƙura, kuma in ka yawaita abincin kifi nitarat da fosfat, wato sinadaran da ragowar abinci da kashin kifi ke bari cikin ruwa, suka taru sai ta mamaye ko'ina. Amma akwai mai launin hoda ko shuɗi-ja mai tauri kamar siminti, wannan kar ka taɓa ta, alama ce ruwanka lafiya lau.

Shi kuwa soso dabba ne fa, ba tsiro ba, yawanci inuwa yake ɓuya, jikinsa duk ƴan ramuka, ta nan yake jan ruwa ya tace abincinsa ya fitar. Ni dai shi na fi so, yana share maka ruwa. Sai dai kar ka ciro dutsen waje iska ta shiga ramukan, mutuwa zai iya yi ya ɓata ruwan, balle da zafin watan Afrilu in kuran ya ɗauke famfon da ke juya ruwan ya tsaya.