Kwas ɗin shugabannin shif: kwana biyar da na yi, da abin da na taho da shi

Shekara 11 ina aiki a masana'antar sarrafa iskar gas, 4 daga ciki ina jagorantar shif. Na halarci horon kiyaye haɗari ba adadi, amma wannan na kwana biyar da wani kamfanin horaswa ya shirya mana shi ne ya taɓa ni har cikin rai, kuma a rana ta biyu abin ya faru.

Malamar, wadda ta daɗe tana aiki a rijiyoyin mai na cikin teku, ta raba mu shida-shida, ta ba mu takardun izinin aiki na gwaji, ta ce masu rana su miƙa wa masu dare aiki cikin minti 10. Ni ne mai karɓa. Na leƙa takardun sama-sama na ce komai lafiya. Wani matashi da ke gefena ya ɗora yatsa kan wata takarda, ya buɗe baki, ya dube ni, sai ya janye hannunsa. Ashe takardar na nuna an cire bawul ɗin tsaro na wani famfo.

Da muka gama ta ba mu labarin Piper Alpha, wani dandamalin haƙar mai a Tekun Arewa, a 1988. An cire bawul don gyara, labarin bai isa ga masu aikin dare ba, suka kunna famfon, gas ya fashe, wuta ta tashi, mutum 167 suka rasu. Abin da ya fi tsaya min a wuya shi ne dandamalan da ke maƙwabtaka, Tartan da Claymore, sun ci gaba da turo mai da gas alhali wuta na ci, don shugabanninsu na jiran izini daga sama. Ta haɗa da hatsarin jiragen sama na tsibirin Tenerife a 1977, inda injiniyan jirgin KLM ya tambaya ko jirgin Pan Am ya bar titin tashi, kyaftin ya amsa da ƙarfin gwiwa cewa ya bari. Ashe bai bari ba, jiragen biyu suka yi karo. Rayuka 583.

Ni dai fuskar yaron nan nake ta gani. Ban yi masa tsawa ba, ban ma san ya yi shiru ba. Kalmata ta farko ce ta rufe masa baki. Tun da na dawo, wajen miƙa aiki, ma'aikaci mafi ƙanƙanta nake fara tambaya, ni in yi magana a ƙarshe.

Rana ta ƙarshe kam ba ta gamsar da ni ba. Hotuna a allo kan haɗin kan ma'aikata, irin waɗanda za a nuna wa ma'aikatan kowane ofis, kuma ba su tanadi wata bibiya ba bayan an watse.

Duk da haka ina ba kowane shugaban shif shawarar ya je. Sai dai ku nace manajojinku su shiga ajin tare da ku. An koya mana cewa kowa na da ikon tsayar da aiki, amma wanda zai kira ni da ƙarfe uku na dare ya tambayi dalilin tsayar da famfo bai zauna a ɗakin ba.